Ajin Kakanka da Kujerar Bakin Taga

Zuwa ga angona, Mai Kunnuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da wannan yarinyar da ta ƙwace mini kai da rana tsaka, da yaranku. Allah ya raya su, ya sa su ɗauko kunnuwan uwarsu, don naka sun ishi zuri'a guda. Mu nan muna lafiya, sai gwiwata da ke gaishe ni kafin kowa ya tashi. Gwaggonka mai ɗinki ta sayi keke mai aiki da wuta, yanzu in an ɗauke wutar sai ta zauna ta rafka tagumi. Kawunka direba ya ajiye tumbi har sitiyari na gogarsa, ya ce wai kujerar motar ce ta matso. Auta ta sauka lafiya, an samu mace, baƙa wuluk, kyakkyawa, ni sak.

Za ka yi mamaki da ka ga rubutun hannuna, ni da na bar makaranta tun ban iya riƙe fensir da kyau ba. Gwaggonka ta ce in yi magana a waya ta tura maka muryar, na ƙi. Maganar nan in na fara ta da baki ba za ta kai ƙarshe ba. Za ta ɗauki hoton takardar ta aiko maka, in ka ga harafi ya kwanta ka tashe shi da kanka.

Maganar kakanka ce. Ka san mantuwa ta daɗe tana cin Malam, amma tun tafiyarka ƙasar waje abin ya ƙaru. Sallarsa tana nan, ba ya kuskuren aya. Hausa ce take zubewa daga bakinsa kaɗan kaɗan, sunayenmu suka bi ta. Abin da ya rage masa cik shi ne Turancin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa. Kullum da hantsi sai ya saka tsohuwar kwat ɗinsa, ya jera kujerun falo layi layi, ya tsaya a gaba. Da ya fara yi mana rubutu a bango da gawayi, kawunka ya samo katako ya shafa masa baƙin fenti, ya sayo alli. Likita ya ce kada mu yi masa gardama, mu bi shi inda hankalinsa yake. To, ga ni da furfurata na koma 'yar aji. Ni ce ta kujerar baya, kuma bisa ga dukkan alamu ni ce daƙiƙiyar ajin.

Kada ka raina ni, na fara ganewa. Yakan ja layi ya raba allon ɗaki uku. Ɗakin farko na mai yin aiki ne, na tsakiya na aikin, na ƙarshe na wanda aikin ya faɗa wa. Direba a nan, tuƙi a nan, mota a can. Sai ya goge direba ya sa tela, ya goge mota ya sa riga, ɗakunan suna nan, masu haya ne kawai ke canzawa. Akwai wasu ƙananan kalmomi da ke tafiya gaban suna kamar 'yan rakiya, ba su da aikin fari bare na baƙi, amma in ka bar ɗaya a gida sai ya buga rula a tebur. In mutum ɗaya ne ke aikin, sai a liƙa wa kalmar aikin wata 'yar wutsiya mai huci, in taro ne a cire. Na ɗaga hannu na ce wannan yare ba shi da adalci, ya za a ba mutum ɗaya wutsiya a hana jama'a. Ya ce in tashi tsaye. Na tsaya, da gwiwar nan tawa, har aka gama darasin tambaya, inda ƙaramar kalma ke tsallakowa gaba kamar marar kunya a layin asibiti. Ranar gwaggonka ta yi dariya har ta soke yatsa da allura.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce Allah ya ba mu abin nishaɗi a tsufa. Amma akwai kujera ɗaya da yake ajiyewa a bakin taga, kuma ba ya bari kowa ya zauna a kai. Nan ne wurin zaman babanka lokacin da yake ajinsa, saboda idonsa ba ya ganin allo sai da haske. Ka san babanka ɗan fari ne, ni ban taɓa kama sunansa ba, Malam ma haka. Ko a makaranta, kai na bakin taga yake ce masa. Ranar da aka kai shi makwancinsa Malam bai zubar da hawaye ba, shi ne ma ke ba masu gaisuwa haƙuri. To yanzu, ƙarshen kowane darasi, sai ya cika ɗaki biyu ya bar na uku fayau. Yaro, ya buɗe, sai fili. Ya juya ga kujerar nan, ya nuna ta da rula, ya kira sunan. Cikakken sunan, da ƙarfi, yadda aka raɗa shi. Ranar farko da na ji, kofin da ke hannuna ya faɗi. Sunan da na ɓoye a bakina tun ina yarinya, ga shi yana yawo a falona kowace safiya, kuma mai shi ba ya nan.

Sai ya tsaya yana jira. Ka san haƙurinsa da ɗalibi. Yakan karkata kai, ya ɗan yi murmushi, ya ce a hankali, kada ka ji tsoro, ɗauki lokacinka. Rana ta taso ta hau kujerar, ta sauka ta koma ƙasa, yana tsaye. In na kawo abinci ya ce ba a ci a aji, kuma ba a tashi sai kowa ya amsa. Sai ƙafafunsa sun gaji mu kama shi mu kwantar, wani lokaci mu samu ya kurɓi shayi, wani lokaci ya juya wa bango fuska. Kwat ɗin nan yanzu rataye take a jikinsa kamar a ƙusa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai dai a kwantar da shi a sa masa roba ta hanci, kuma na san Malam, ba zai daɗe a gadon asibiti ba.

Mun gwada dabaru. Kawunka ya laɓe bayan labule ya ce ƙofa da Turanci, Malam ko juyawa bai yi ba, ya ce ba kai na tambaya ba. Na ɗauke kujerar na kai ɗakin girki, ya nuna wurin da take ya kira sunan, wannan ya fi muni, na dawo da ita da hannuna. Kuma bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Ni ma na fara jira. In ya kira, sai in ji na riƙe numfashi, kunnena na wajen taga. Na tsinci kaina ina goge kujerar kafin a shiga aji, ina gyara labule don haske ya faɗo daidai. Shekaranjiya iska ta motsa tagar, kujerar ta yi ƙara irin ta wanda zai miƙe, wallahi sai da na ɗauke ƙafata don ya samu hanyar wucewa.

Jiya ana cikin wannan jiran, gwaggonka tana gefe tana sauraron saƙon da ka turo mata, wanda kake tambayar awon rigar yara. Muryarka ta fito. Malam ya saki allin. Bai dubi wayar ba, kujerar ya duba, fuskarsa ta washe, ya ce da Turanci, ɗaga murya, yarona, ban ji ba. Ni dama na daɗe da sanin muryar wa ka ɗauko, shi ya sa in ka kira nake cika ka da tsiya, don kada in yi shiru in saurara.

Ga roƙona, angona. Na san lokacin da yake darasin a wajenku kuna barci ko kuna shirin fita aiki, kuma na san ba ka son a taɓo maka zancen babanka. Amma ka kira da hantsinmu. Gwaggonka za ta ɗora wayar a kan kujerar. In ya karanta ɗaki biyu ya tsaya, ka cika masa na uku. Ƙofa, taga, littafi, akwati, duk wanda ya zo bakinka daidai ne, kada dai ka manta 'yar rakiyar. Ban sani ba ko sau ɗaya zai ishe shi ya tashi ajin, ko kuwa gobe ma zai sake tambaya. In ya sake, sai ka sake kira. In kana ganin akwai ƙarya a ciki, ka bar ta a wuyana, ni zan amsa a gaban Allah.

Abu ɗaya ne mai nauyi. Ba da sunanka zai kira ka ba. In ka ji wancan sunan, ka daure ka amsa. Kuma in ka ji wata tsohuwa tana jan hanci daga kujerar baya, ba ruwanka da ita, ka ƙarasa jimlarka, ina so ya ci abincinsa da zafi.

Ka gaida matar gidan, ka ce na yafe mata satar da ta yi mini. Ka shafa mini kan Babba da 'Yar Lele. Gwaggonka, kawunka da Auta duk suna gaishe ku. Kakanka bai aiko da gaisuwa ba, amma ya ajiye maka wuri. Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Kakarka, uwargidanka ta fari