Ciyawar Alassane da Karen Maƙwabci

Greensboro, Yuli

Yaya Hindou,

Assalamu alaikum. Yaya damina, yaya ƙafar taki, yaya Mourtala da iyalinsa? Tunda kunnenki ba ya ɗaukar magana a talho, na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo miki.

Na fita takaba ranar Juma'a. Matan masallaci sun zo da abinci, Allah ya saka musu. Da suka watse na fito ƙofar gida, sai na tarar ciyawar Alassane ta ƙone. Kin san nan kowane gida da filin ciyawa a gabansa, kuma marigayi ya fi kowa a layinmu ji da nasa. Yanzu duk gefen akwatin wasiƙa tabo ne rawaya, kamar an ɗora tukunya mai zafi an sauke. Faïçal yana zuwa daga Raleigh yana aske ta, amma ya ɓoye mini, wai kada uwarsa ta damu.

Na yi gadi ta taga har na gano mai ɓarnar. Karen maƙwabcinmu ne, wani tsoho ɗan ƙasar nan, Mista Josiah. Kullum da safe sai sun biyo, karen ya tsaya daidai nan ya yi fitsari. Yaya, na yi kuka kamar ranar da aka yi rasuwar.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Fourera

Maradi, Yuli

Fourera,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alassane, ya ba ki ladar haƙuri.

Ciyawa kike wa kuka? Mu nan biya muke a nome mana ita. To, na ji, ta mijinki ce. Amma kare, Fourera! A ƙofar gidan da ake salla! Ki sa mayafinki ki je ki gaya wa tsohon nan ya ja najasarsa can. In ya ƙi, Faïçal ya kewaye wurin da waya.

Abin da ya fi shi ne ki sayar da gidan ki dawo. Me kike jira a ƙasar da maƙwabci ke turo miki kare maimakon tuwo? Ɗakinki na nan, na sa an yi masa fenti.

Yayarki, Hindou

Greensboro, Agusta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na yi yadda kika ce, sai dai abin bai tafi yadda muka shirya ba.

Na tare shi da safe, na nuna masa wurin, na ce, “Mista Josiah, dubi abin da karenka ya yi.”

Ya sunkuya har sandarsa tana rawa. Ashe idonsa ya yi rauni, sai da ya shafa da hannu ya ji ciyawar ta bushe. Ya cire hularsa ya ce, “Ki yafe mini, Misis Alassane. Tun da mijinki ya tafi ba mai zuba ruwan.”

Na ce, “Wane ruwa?”

Yaya, kin san ina barin gida tun asuba zuwa gidan burodin da nake aiki. Ashe shekaru ke nan, in Alassane ya idar da salla sai ya cika buta ya fito ya jira su. Karen na gamawa sai Alassane ya kwarara ruwa a wurin, don wai gishirin fitsarin ne ke cin saiwa, in aka tsarma shi nan take ba ya ƙona komai. Daga nan su tsaya hira. Mista Josiah ya ce ya sha yi masa tayin su canja hanya, Alassane yana cewa, “In ka canja, da wa zan yi gardamar ƙwallo?” Bayan rasuwar ya gwada jan karen zuwa ɗaya gefen titi, karen ya ƙi, sai ya zo nan ya tsaya yana kallon ƙofarmu. Shi kuma hannu ɗaya sanda, ɗaya igiya, babu na ɗaukar ruwa.

Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa tana Atlanta. Daga shi sai karen, sunansa Pepper, wato Barkono. Shi ma ya tsufa, bakinsa ya yi furfura.

Washegari na fito da butar. Ban taɓa karen ba, shi ma bai matso ni ba. Kada ki yi mini faɗa.

Fourera

Maradi, Agusta

Fourera,

Faɗa kam na yi, ni kaɗai a tsakar gida, har Mourtala ya leƙo yana tambayar wa ya taɓa ni. Da na sake karantawa sai na tuna zuwan Alassane na ƙarshe, yadda ya wuni a rana yana gyara wa makahon layinmu rumfa, bai gaya wa kowa ba. Halinsa ne, ba mu da abin cewa.

Amma ki ware butar nan daban, kada ta koma wurin alwala. In yawun karen ya taɓa zanenki kin san hukuncin. Kuma ba ki ce komai a kan dawowa ba. Ina lura.

Hindou

Greensboro, Oktoba

Yaya,

Ki yi haƙuri da shirun, abubuwa ne suka taru.

Da zafi ya sauka muka gyara filin. Na kankare matacciyar ciyawar da manjagara, na jiƙa ƙasar sosai, na watsa sabon iri. Faïçal ya zuba tsakuwa a kusurwar da ke tsakanin gidajenmu, muka shiga koya wa Barkono tsayawa can. In ya yi daidai Mista Josiah ya ba shi biskit. Wata rana ya yi, wata rana ya kalle mu ya koma wurinsa na da. Na ce a riƙa cika masa kwanon ruwa, don in ya sha da yawa fitsarin ba ya kauri. Na kuma nemi a mayar da ni aikin rana, aka yarda.

Ranar Talatar da ta wuce na fito da buta, ba su zo ba. Na jira har rana ta ɗaga. Na je na buga ƙofa, sai haushi kawai. Na leƙa ta tagar kicin, ga Mista Josiah kwance a ƙasa. Na kira motar lopital, aka zo kai shi asibitin. Ƙugunsa ne ya karye. Suna ɗora shi a gadon ya riƙe bakin mayafina yana cewa, “Pepper, Pepper.” Na ce masa, “Je ka, ina nan.”

Yanzu safe da yamma ina zuwa bayan gidansa in zuba wa karen abinci, in riƙe igiyar mu zaga. Wasu matan masallaci sun gan ni daga mota, an fara magana. Ɗaya daga cikinsu, Hajiya Hamsatou, ita ce ta ce musu ciyar da dabba lada ne, su bar ni.

'Yar Mista Josiah ta zo. Tana so ta tafi da shi Atlanta, amma gidan da take haya ba a yarda da kare ba. Tsohon ya ce ba ya tafiya ba da karen ba. Ta zauna a falona tana kuka, ta tambaye ni ko zan daɗe a unguwar, don in akwai mai leƙa shi za ta bar shi a gidansa. Na ce ta ba ni lokaci in yi shawara da yayata.

Shawarar ke nan nake yi, Yaya.

Fourera

Maradi, Oktoba

Ƙanwata,

Shawarar me, bayan kin riga kin ce wa mutum “ina nan”? Ki gaya wa yarinyar ta kwantar da hankalinta.

Wani abokin Mourtala zai taso wajenku wata mai zuwa. Na ba shi hula mai kauri, ki kai wa tsohon saboda sanyi, ki ce yayar matar Alassane tana yi masa sannu. Ki yi masa kunu, masu karaya suna son abu mai ɗumi.

Karen ban gaishe shi ba. Amma ki turo hotonsa in gani.

Allah ya tsare mini ke.
Hindou