Duron da Kuka Ba Mijina Goron Sallah

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin jimar fata da mijina yake wa aiki, Challawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ranka ya daɗe, ni matar Malam Sani ce, leburanku a sashen wankin fata. Ta jarida na rubuto domin sau biyu yana kai kuka ofishinku, sau biyu akawu yana sallamarsa daga bakin taga.

Na koyar a firamare kafin aure. Makaranta ta yi wa 'ya'yana nisa daga inda muke a bayan Panshekara, don haka a tsakar gida nake koyar da su. Ran Alhamis darasin kiwon lafiya muke yi: wanke hannu, yanke farce, rufe abinci da ruwan sha.

Na ɗaya. Da ƙaramar sallah kun raba wa leburori duron roba mai murfi, kuka ce goron sallah ne. Ba wanda ya gaya musu maganin jima aka juye daga ciki. Gargaɗin da ke jikinsa kuwa fenti aka bi aka shafe shi da shi. Ba gogewa ya yi don kansa ba, hannu ne ya shafe.

Na biyu. 'Yata Hadiza, mai shekara tara, ta fi kowa riƙe darasi. Ta ga randarmu faifai kawai ake kifa mata, ga kuma duro mai murfi gam. Ta wanke shi da sabulu har sau uku, ta mayar da ruwan shanmu ciki. Ni da bakina na yaba mata a gaban ƙannenta, kuma wannan yabon ne yake cina har yau.

Na uku. Duk gidan mun yi ciwon ciki da amai, amma nata ya fi, don saboda murna ba ta shan ruwan ko'ina sai na duronta. Likita ya tambayi inda muke ajiye ruwa. Da mahaifinta ya kankare fentin da wuƙa, sai ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Sati uku ke nan tana kwance a asibiti, an ce abin ya taɓa ƙoda.

Ranka ya daɗe, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Kun san abin da ke cikin duron nan, tunda manyanku ba sa taɓa shi sai da safar hannu. Kun rasa inda za ku kai shararku ne, kuka turo ta gidajenmu da sunan kyauta, har muka yi muku godiya.

Ga roƙona. Ku turo mota ta kwashe duk duron da kuka raba, don a layinmu kaɗai gida bakwai ne suke shan ruwa daga ciki. Ku tara leburori lokacin canjin aiki, ku faɗa musu gaskiya da Hausa. Sannan ku zo asibiti da kanku. Jiya Hadiza ta tambaye ni ko ita ce ba ta gane darasin ba. Na ce mata daidai ta yi, ba ta yarda ba. Ku zo ku gaya mata wanda ya yi kuskuren.

Allah Ya kare 'ya'yanku daga abin da ya sami tawa, Ya ba ku ikon gyarawa.

Wassalam.
Malama Ladi, Panshekara.