Abin da Kika Faɗa a Bayan Idona

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da kika koya min, gwiwa biyu a ƙasa, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Mu nan Tudun Kaya lafiya lau muke. Baba yana nan da ƙarfinsa, an cire gyaɗa, bana ta yi 'ya'ya sosai, tsamiyar ƙofar gida kuma tana nan tana zuba wa masu hira ganye a kan tabarma.

Bayan haka, Inna, albishirinki. Na san da kina nan ba za ki ce goro ba, sai dai ki ci gaba da juya gyaɗa a kasko ki ce, "In za ki faɗa ki faɗa, aiki nake." To yau ni ma zan ja miki rai. Sai na ba ki labarin tun daga tushe, kuma ki yi haƙuri, akwai ƙararki a ciki.

Wata ƙungiya ce mai aiki da mata masu matsar man gyaɗa take neman malamar gona, wadda za ta riƙa zagaya ƙauyukan Ƙaraye da Rogo. Na tura takarduna na makarantar koyon aikin gona, waɗanda tun bayan rasuwarki suke kwance a ƙasan akwati. Sai ga saƙo wai za su kira ni ranar Alhamis da hantsi, su yi min intabiyu ta waya. Na yi murna, sannan na shiga lissafi. In na samu, ina gida kusa da Baba, ina aikin da na karanta. In ban samu ba, na riga na yi alkawarin tafiya Kano tsaron shagon wata 'yar'uwarmu, in bar Baba da tuwon maƙwabta.

Ba yau na fara intabiyu ba. Na taɓa zuwa wani a birni, mutum uku a bayan tebur, ɗaya ya ce in faɗa musu abin da na fi iyawa. Na sunkuyar da kai na ce, "To, muna dai taɓawa." Suka ce za su neme ni. Har yau nemana suke yi.

Nan ƙarar taki ta shigo. Ni ce 'yar farinki, kuma kunyar 'yar fari kin riƙe ta da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Ke, yarinyar nan," shi ne sunana a wurinki, ko kina kirana cin abinci ko kina aikena inji. Ƙannena ki kira su da sunayensu har da na wasa, ni kuwa yarinyar nan, kamar wadda aka aro daga maƙwabta.

Kin tuna ranar da na zo ta ɗaya a ajinmu? Da gudu na shigo, takalmina ɗaya a hannu. Kina tsugune kina murza tunkuza, ba ki ko ɗago ba. Kika ce, "To, madalla. Miƙo min ludayin can." Na miƙo miki ludayin, na koma bayan rumbu na yi kukana na share.

In kuwa na kuskura na ce ni na iya kaza, amsarki ɗaya ce: "Yabon kai jahilci." Wani lokacin ki ƙara da cewa mai mai kyau ƙamshinsa ne ke kiran mai saye. Na haddace, Inna, na haddace har ya zame min ƙarfen ƙafa. A gaban mutum ko ba komai zai dube ni ya ga natsuwa, tunda an ce labarin zuciya a tambayi fuska. To a waya ina fuskar? Baki ne kawai zai yi aiki, bakin da kika ɗinke.

Baba ya ce kada in damu, shi zai gwada ni. Ya zauna a zaure da wayarsa, ni ina tsakar gida, ya kira ni wai shi ne babban jami'i. Ina ɗauka ya fara: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya mahaifin naki, yaya aka ji da zafin nan, an gama cirar gyaɗa kuwa? Ina amsawa ina danne dariya, don muryarsa ta zaure ta fi ta wayar ƙarfi. Kafin ya kai ga tambaya ɗaya ta aiki katinsa ya ƙare. Ya leƙo ya ce, "Ai kin ci. Duk wanda ya ji wannan gaisuwar ya san 'yar mutunci ce."

Ga kuma sabis ɗin gidanmu da kika sani, yanzu akwai an jima babu, in ya ɗauke sai an tsaya gefen rumbu an ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Shi ya sa ranar Laraba na hau mashin na tafi Rogo Sabon Gari, gidan aminiyarki Iya Talatu, wadda kuka yi shekaru kuna jera kwalaben mai a rumfa ɗaya ranar kasuwa. Ƙarfen sabis yana bayan katangarta. Ta tsufa, Inna, haƙoran gaba sun tafi, amma bakin yana nan yadda kika bar shi.

Bayan la'asar muna zaune muna ɓarar gyaɗa na faɗa mata damuwata. Na ce tambayar gona ba ta ba ni tsoro, ko a barci aka tashe ni zan amsa. Abin da nake tsoro shi ne a ce in yabi kaina. Na ce ni ko mahaifiyata ba ta taɓa cewa na iya wani abu ba, to me zan faɗa wa baƙuwar murya?

Iya Talatu ta saki gyaɗar hannunta ta yi ta dariya har da tari. Da ta samu numfashi ta ce, "Wa? Uwar taki? Matar da ta hana mu sakat a kasuwa da zancenki? Wallahi har gudunta muke in ta fara."

Na zauna baki buɗe, ita kuwa ta shiga zazzage miki asiri. Wai kin ce yarinyar nan da hanci take gane gyaɗar da ta sha danshi, tun ba a kwance bakin buhu ba. Wai kin ce tun da na fara suya ban taɓa ƙona miki kasko ɗaya ba. Wai in mata suka kaure da faɗa a layin inji, ni ce ƙarama a wurin amma ni nake raba su, kuma ba a jin muryata. Wanda ya fi kashe ni shi ne wannan: wai kin ce, "Yarinyar nan in ta ce miki tana zuwa, ki ɗora tukunya."

Sai ta tambaye ni ko na tuna ranar kasuwar da kika dawo gida da farantin ƙuli wayam tun azahar ba ta yi ba. Na tuna, don na yi mamakin cinikin ranar. Ta ce ba ciniki ba ne. Satin da na zo ta ɗaya ne, kika bi rumfuna kina damƙa wa kowa ƙuli kyauta, mai tumatir, mai gishiri, har da masu faci. Duk wanda ya tambayi dalili sai ki ce, "Ku dai ci ku sa albarka." Ita kaɗai kika raɗa wa.

Inna! Ashe haka kike? Ki aike ni ɗauko ludayi, ki tafi Rogo ki yi biki da ni ban sani ba? Na yi kuka a kan tabarmar nan, ina yi ina dariya, ɓawon gyaɗa duk ya manne min a fuska. Iya Talatu ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ita kunya ta hana ta faɗa miki, ke kuma me zai hana ki? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ranar Alhamis na tashi na yi wanka, na sa atamfata ta sallah, na zizara kwalli, har turare na shafa, duk don wayar da ba ta da ido balle hanci. Iya Talatu kuwa ta zama sarkin yaƙi. Ta kora awaki bayan gida, ta hana matan gidan daka, ta taka da kanta wurin mai injin niƙa na ƙofar gida ta ce ya kashe, 'yarta za ta yi magana da manya. Ya kashe kuwa, ya zo ya tsaya a bakin zaure yana jiran sakamako. Wayar tana cike da caji, ga ruwa a kofi, ga ni a kan kujera a tsakiyar ɗaki kamar mai jiran hoto.

Da wayar ta yi ƙara ban san lokacin da na zame daga kujerar na durƙusa ba. Mace ce, muryarta a natse. A durƙushe na gaishe ta, kuma na taƙaita, ban bi hanyar Baba ba. Ta ce mu yi da Hausa tunda da matan karkara za a yi aikin. Ta tambayi yadda ake hana gyaɗa yin fumfuna, na ce a busar da ita sosai a kan leda ko tabarma, a tsince ruɓaɓɓu, a ɗora buhu a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ina tsakiyar bayani wani zakara da ya tsere wa dokar Iya Talatu ya hau taga ya rangaɗa cara. Matar ta yi dariya ta ce, "Ai ga shaida nan daga gona kike."

Sannan tambayar ta zo. Ta ce masu nema suna da yawa, in faɗa mata dalilin da zai sa a ɗauke ni. Na ji "muna dai taɓawa" tana hawowa maƙogwarona. Ta labule na hango Iya Talatu ta riƙe zakaran a hammata, ta zuba min ido.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a gidanmu ba a koya min yabon kaina ba. Amma in kin yarda zan faɗa miki abin da mahaifiyata ta ce a kaina, Allah ya ji ƙanta." Ta ce tana ji. Na faɗa mata na hanci da buhu, na kasko, na layin inji, kuma kowanne na kawo mata lokacin da ya faru da yadda na yi. Muryata ba ta yi rawa ba, don ba nawa nake faɗa ba, saƙonki nake isarwa. Na rufe da na tukunya.

Matar ta ce, "A gabanki ta faɗa?" Na ce a'a, ni 'yar fari ce, jiya na ji. Ta ɗan ja numfashi ta ce, "Ni ma 'yar fari ce." Daga nan ta koma tambayoyinta na aiki, ko zan iya hawa mashin zuwa Kafin Dafga da damina, ko na iya haɗa rahoto a waya. Na ce zan iya, kai tsaye, ba tare da na sunkuyar da kai ba.

To ga albishirin naki, Inna: sun kira, sun ɗauke ni. Ba zan tafi Kano ba. Baba ya ce shi dama ya faɗa, gaisuwar ce ta yi aiki, kuma ban musa masa ba. Mai injin niƙa ya ce da rabonsa a ciki. Iya Talatu ta yanka zakaran nan, wai ladan shaidar da ya bayar, muka ci shi da shinkafa.

Taron farko da zan yi da mata a Rogo ne, kusa da rumfarku. Na soya ƙuli da hannuna, cikin farantinki, zan bi rumfuna in raba. Wanda ya tambayi dalili na san amsar da zan ba shi.

Na yafe miki ludayin, Inna. Ke ma ki yafe min, na tona miki asiri a gaban baƙuwa, yanzu kuma ga shi ina tonawa a gaban duk mai karanta wannan. Ina kewarki ƙwarai, amma yau kewar mai daɗi ce.

Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Yadda kika yabe ni a bayan idona, Allah ya sa mala'iku su yabe ki a gaban idonki. Ya ba ni ikon riƙe amanar aikin nan, kada in ƙaryata ki ko sau ɗaya. Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, amin. In na iso, ba sai kin kira sunana ba, zan gane kiran.

A takardar ɗaukar aikin sun rubuta cikakken sunana da manyan baƙaƙe. Amma wannan wasiƙar taki ce, don haka da wanda kika sa min zan rufe.

Taki har kullum,
Yarinyar nan.