Baba ya fi son aplikasiyon ƙanwata

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin kunya ne amma ya hana ni sukuni.

Ni ɗan Belbeji ne, na karanci anformatik, wato ilimin kwamfuta, a Damagaram. Ƙungiyar makiyayan garinmu ta nemi a yi mata aplikasiyo na waya da mutane za su riƙa sanar da juna inda akwai ruwa, inda akwai ciyawa, da inda ciwon dabbobi ya ɓulla. Wata bakwai na yi a kansa, na sa taswira, na sa hasashen ruwan sama, na sa lambar sirri, shafi kan shafi, duk da Faransanci. Na fara sa wa Babanmu a wayarsa, kullum na tambaye shi sai ya ce yana da kyau, Allah ya yi albarka.

Ƙanwata kuwa gyaran waya take yi a Tanout, ni na fara koya mata aikin ma. Ashe ita ma ta haɗa nata. Hoto uku ne manya, rijiya, ciyawa, saniya kwance. Ka danna ɗaya ka yi magana da bakinka, shi ke nan. Da ta nuna min dariya na yi, na ce wannan ai wasan yara ne, muka yi cacar baki har Inna ta raba mu.

Ranar kasuwa na tarar da Baba cikin tsararrakinsa, yana nuna musu yadda ya danna saniyar nan ta aplikasiyon ƙanwata ya gargaɗi mutanen wajen Tenhya kan ciwon kofato. Na karɓi wayar na duba nawa, ko sau ɗaya bai taɓa buɗewa ba. Da muka keɓe na tambaye shi, ya ce, "Naka sai mai ilimi, ɗana. Nata kuwa ba ya sa ni jin kunyar rashin karatu." Wallahi tun ranar ko sunanta aka ambata sai kishi ya kama ni.

Yanzu shugaban ƙungiyar ya ji labarin nata, ya ce tun da ni ne mai takarda, in gwada biyun in rubuta rapor, wato rahoto, wanda na zaɓa shi za a ɗauka. Na riga na rubuta cewa nata bai cika ba, ban dai miƙa ba. Jiya kuma ta turo min saƙon murya, "Yaya, duk gyaran da ka gani ka faɗa min, kai ka fi ni sani."

Na san nata ya fi amfani. Amma idan na faɗi haka, da wane ido zan dubi garin da ya san ni ne aka kai makaranta? In miƙa rapor ɗin yadda yake, ko in yage shi in rubuta sunanta da hannuna?