Inna, Wani Ya Shiga Gidan Mutane da Sunana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Talatu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta ɗa ga uwa, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na ga ya dace in ba ki labarin inda aikin gyara ya kwana tun bayan rasuwarki, domin babu wanda ya kai ki damuwa da shi. Na san ba za ki karanta ba. Amma ke na saba zayyana wa abin da ya faru a wurin aiki, kina tsince shinkafa kina saurare, kuma har yau ban sami wanda ya maye wannan gurbin ba.

Za ki tuna yadda aka fara. Na gama koyon aikin famfo da haɗa wuta, ba ni da shago, ba ni da allo, sai jakar kayan aiki a ƙarƙashin gado. Ke kika zama mai tallata ni. Duk biki ko suna da kika je a Tudun Wada, da zarar wata ta yi ƙorafin famfonta na zuba ko ƙofarta ta ƙi rufuwa, sai ki ce, "Akwai wani yaro a gidanmu, yana ɗan taɓa irin wannan." Ba ki taɓa ambatar sunana ba, saboda alkunyar ɗan fari. Haka matan unguwa suka san ni da yaron gidan Inna Talatu, har na yi aure, har na haihu.

Kullum idan zan fita sai kin ce, "Idan ka shiga gidan mutane, idonka a kan aikinka. Kuma kada ka fito ka bar wa matar gida shara." Daga baya na gano cewa idan na gama aiki a wani gida, washegari kikan bi ta can da sunan gaisuwa, ki nemi ruwan alwala, don kawai ki murɗa famfon da hannunki.

Da kika rasu, aiki ya ja baya. Ba wanda ya ce na ɓata masa wani abu. Abin da ya faru shi ne, yawancin saƙon ta wajenki yake zuwa, kuma mutane da dama ko lambata ba su da ita. Sai in wuni a ƙofar gida babu wanda ya neme ni.

Rabi ce ta ce ba za mu zauna haka ba. Surukarki ta fi ni sanin kan waya. Na kama ɗan shago a hanyar Tudun Jukun, aka rubuta mini allo: Auwalu Mai Gyara, famfo, wuta, ƙofa da rufi. Na buga ƙananan sitika masu ɗauke da sunana da lambata, duk gidan da na yi aiki sai in nemi izini in manna ɗaya a jikin ƙofa. Ita kuma tana ɗora hoton aiki kafin gyara da bayansa a zaurukan mata na waya. Da farko tambaya ake yi mata, wane Auwalu kuma? Sai ta fara ƙarawa a ƙasa: ɗan marigayiya Inna Talatu. Nan da nan aka gane. Kira ya fara shigowa daga unguwar Kongo ta nan Zariya, har Dutsen Abba. Da aikin ya fi ƙarfina na jawo Malam Garba kafinta, wanda ya taɓa yi miki akwatin katako, muka haɗa hannu.

To, Inna, ga abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Akwai Malam Isa, malami ne a Kongo, gidansa na Tudun Jukun. Na taɓa gyara masa tankin ruwa, na bar sitikata a ƙofarsa. Wata safiya bayan ya tafi aiki, wani mutum ya zo da jakar kayan aiki, ya yi sallama, ya ce wa matarsa Hajiya Binta ni na aiko shi ya duba injin jan ruwa. Da ta ji sunana ta ce ya shigo. Ya kwance injin, ya ce sai an kai shago, ya ɗora a babur ya tafi. Shi ke nan.

Kafin la'asar Hajiya Binta ta tura saƙon murya zauren matan unguwa, tana cewa a yi hattara da masu gyaran Auwalu. Rabi na cikin zauren. Ita ta fara ji, ta kira ni tana kuka, na kasa gane abin da take faɗa. Ban ajiye wayar ba Malam Isa ya tsaya a bakin shago, ko sallama bai yi ba ya ce, "Ina injina?"

Ban yi gardama da shi ba. Na ce mu je wajen mai unguwa, na kuma kira Malam Garba. Daga can aka rankaya gidan Malam Isa, muka tsaya a zaure, Hajiya Binta ta leƙo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce babu shi a cikinmu, wancan dogo ne mai wushirya. Malam Isa ya ba ni haƙuri a gaban mai unguwa, kuma na ga kunya a fuskarsa.

Sai dai saƙon ya riga ya yi nisa. Waya ta yi shiru. Wani mai gidan haya a Kongo da ya yi mini alkawarin gyaran ɗakunan ɗalibai ya aiko cewa ya sami wani. A masallaci wasu suka fara ba ni hannu a gurguje. Duk wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata ta rubuta a zauren nan, "Ɗan Inna Talatu ne fa, Allah Ya sa ba ta ga wannan ranar ba." Ni na yarda aka sa sunanki a talla, ga shi an jawo shi cikin maganar sata.

Malam Garba ya ce mu bi gida-gida mu ɓalle sitikun, tunda a jikinsu ɓarawon ya karanta sunana. Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren. Amma na ga idan muka yi haka, kamar mun amsa laifi ne muna gudu.

Abin da na fara yi shi ne, na ɗauki wani tsohon inji da ke shago na kai gidan Malam Isa, domin na ga yaransa suna tare 'yan garuwa a hanya. Ya ƙi karɓa. Na ce, "Malam, da sunana aka shiga gidanka. Aro ne, ka riƙe har ka sayi naka." Sai ya buɗe mini ƙofa.

Daga nan ni da Malam Garba muka bi gidajen da muka taɓa yi wa aiki, ba don ɓalle sitika ba. Muna sallama da maigida, mu ce ga fuskokinmu, mu biyu ne kawai. Muka gaya wa kowa sabon tsari: babu wanda zai zo sai ku kuka kira. Kafin a zo, za a turo hoton mai zuwa ga maigida da uwargida. Babu abin da zai fita daga gida sai maigida ya ji muryata a waya. Abin da aka cire aka sa sabo kuwa, a hannunku za a bar tsohon. Wasu sun saurare mu da kyau, wasu a tsaye suka sallame mu.

Hajiya Binta ta sake tura saƙo tana wanke ni, amma bai yi yawon na farko ba. Wanda ya fi tasiri shi ne Malam Isa. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya miƙe a masallacin unguwa, ba tare da ya gaya mini zai yi ba, ya ba da labarin tun daga farko, ya ce iyalinsa sun yi gaggawa, kuma ruwan da suke sha yanzu da injina ake jawo shi. Ina sahun baya, na sunkuyar da kai har aka watse.

Ɓarawon dai ba a kama shi ba. Mai gidan hayan Kongo bai dawo ba, haka wasu 'yan gidaje. Amma aiki ya farfaɗo, kuma yanzu akwai masu kira saboda tsarin nan kansa.

A makon jiya wani ya kira ni daga Fatakwal, can yake aiki. Ya ce mahaifiyarsa na zaune ita kaɗai a Dutsen Abba, rufin ɗakinta na yoyo, ga damina ta kankama. Ya ce ya daɗe yana tsoron tura mata baƙo, sai da aka gaya masa ni ina turo hoto tukuna. Na je. Tsohuwa ce mai ƙaramin jiki, ta riƙe wayar kusa da ido, ta dubi hoton, ta dube ni, ta ce, "Kai ne. Shigo, ɗana." Aikin bai da yawa, kwano ne ya ɗaga na buga ƙusa na toshe. Da na sauko ta dama mini fura, ta shiga ba ni labarin ɗanta, yadda yake kira kullum amma bai cika zuwa ba. Akwai wani aiki da ke jirana a Tudun Wada. Na kira na ce zan makara, na gyara zama a kan tabarmarta har ta gama.

Inna, Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Allah Ya saka miki da Aljanna kan wahalar da kika sha a kanmu, Ya tsare mini hannuna da idona a gidajen mutane har ranar da zan biyo ki. Rabi da yara suna yi miki addu'a kullum.

Wassalam.

Ɗanki mai kewarki,
Auwalu
Tudun Wada, Zariya