Rufin Motar Norberto da Bayana

Doña Elvira,

Don girman Allah ki ba ni shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Ƙanwata bakinta ba ya riƙe magana, 'yata kuwa in ta ji, shi ke nan, motar ta tafi kasuwa. Ki yi haƙuri in na yi ta zagaye-zagaye, tun da likita ya duba ni kaina ba ya wuri ɗaya.

Ni da mijina Norberto mun tsufa tare, kuma rabin tsufan a cikin mota muka yi shi. Direban bas ne shi har ya yi ritaya. Tun kafin ya ajiye aiki ya sayi wata tsohuwar mota, ya yi mata gado da murhu da kabad, ya yanke samanta ya sa mata rufin nan da ake turawa da hannu, tanti ya buɗe, mutum ya samu ya miƙe tsaye a ciki. Duk Janairu, da yake a ƙasarmu lokacin zafi ne, in ya matsa a garinmu Río Cuarto, sai mu bi ayarin abokanmu mu yi kudu, har bakin tafkuna. Babu lokacin da nake jin daɗin duniya kamar wannan. Shi kuwa in kin raba shi da sitiyari kin gama da shi.

A ayarin namu akwai al'ada. In an isa zango, ba mai taɓa gawayi, ba mai ɗora ruwan shayin mate, sai maza sun ɗaga rufi. Kowa ya buɗe ƙofar gefe, ya zare sakata, ya sa kafaɗa ya tura, ana ihu ana tsokanar juna. Wanda rufinsa ya riga tashi shi ake fara miƙa wa mate. Wasan yara ne, na sani, amma je ki faɗa wa waɗannan masu furfurar. Shekarun baya wani ɗan Rosario ya shigo cikinmu da sabuwar mota mai rufin lantarki. Ya danna maɓalli, abin ya tashi da kansa yana 'yar ƙara. Norberto ne, mijina, da bakinsa ya ce, "A'a, ga gadon asibiti ya iso, ina nas ɗin?" Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Sunan ya bi bawan Allah har ya daina zuwa, kuma har yau duk mai rufin maɓalli a wurinmu mai gadon asibiti ne.

To bara waccan aka yi wa Norberto aiki a kafaɗar dama, likita ya hana shi ɗaga abu sama da kansa. Zangon farko bayan aikin ya sa hannu ya tura, na ga fuskarsa ta canja, rufin ko motsi. Na haye bencin ciki ta bayan labule, na sunkuya, na kafa bayana a ƙarƙashin katakon, na miƙe. Rufin ya tashi, shi yana bakin ƙofa da tafukansa a kai, abokinsa Cacho na ihu daga waje wai tsohon bijimi bai mutu ba. Daga ranar haka muke yi. Bai taɓa roƙona ba, bai taɓa gode mini ba, ba mu taɓa zancen ba ko sau ɗaya. Abin da kawai yake yi, ya ajiye motar yadda gefen labulen zai fuskanci mutane, in an miƙo masa maten farko kuma ya ba ni.

Bana, a bakin tafki kusa da Esquel, bayana ya riƙe ina cikin turawa, rufin bai wuce rabi ba. Wani abu ya tsarga mini daga ƙugu har yatsun ƙafa. Na ciji leɓe na ƙarasa, na zauna, na kasa tashi. Na ce wa Norberto sanyi ne. Da yamma Nélida matar Cacho ta shigo ta ajiye mini man zafi a kan gado, ta kalli rufin, ta kalle ni, ta fita. Da muka dawo gida na je asibiti ni kaɗai. Likita ya ce ƙashin bayan ya goge ta ƙasa, in na ci gaba da ɗaukar nauyi zan iya wayar gari ƙafa ta ƙi takawa, zaman mota mai nisa ma ya gagare ni.

Na ɗan gwada shi da maganar rufin lantarki, a kan wai 'yarmu Silvina ce ta gani a wani gareji. Doña, sai ki ce na zagi uwarsa. "Tsohuwa, kin manta iskar kudu ne?" Ya kawo mini labarin wanda batir ya mutu masa rufi na sama, iska na neman yage tantin, bakanike kuma sai an yi tafiyar yini. Ya ce waya da ƙura ba sa shiri, ya ce abin hannu ba ya ba mutum kunya. Abin haushin, ba ƙarya yake ba. Amma ni na san ba batir yake tsoro ba, bakin Cacho yake tsoro.

In na gaya masa gaskiya, ɗayan biyu ne. Ko ya ce shi zai ɗaga, ya ɓalle kafaɗar da aka ɗinke, ko ya rufe motar da tamfol ya zauna gaban talabijin har mutuwa ta zo. Na san mijina. In na yi shiru kuma, Janairu na tafe, ya riga ya fara canja tayoyi yana 'yan waƙe-waƙensa. Wani lokaci tausayinsa ya cika ni, wani lokaci in ji kamar in kwaɗa masa butar shayi, don yaya za a yi mutum ya zauna da mace shekara da shekaru, bai lura da yadda take saukowa daga gado ba? Ina jin tsoro, kuma na gaji. Yaya zan yi?

Mai Ciwon Baya, Río Cuarto

*

'Yar'uwa,

Abu na farko, kuma babu ciniki a kansa: kin ɗaga rufin nan na ƙarshe. Duk abin da zan ce a ƙasa, da wannan sharaɗin nake faɗa.

Mijinki yana da hujja. Rufin hannu ba ruwansa da batir, kuma a hanyoyin tsakuwa na kudu duk abin da ba shi da waya abin so ne. Na lantarki ya fi tsada, ya fi son kulawa, yana iya ƙi a inda babu mai gyara. Sai dai akwai masu hannun juyawa na ko-ta-kwana, in wuta ta ɗauke a sauke su da hannu. In za ku saya, irinsu za ku nema. Kafin nan ma, a duba 'yan sandunan nan biyu masu kama da shokozoba da ke taya rufin tashi. In sun gaji, nauyin duka kan mutum yake komawa, kuma sau da yawa canja su kaɗai kan sauƙaƙa aikin. Ko ya yi sauƙin, ba ke za ki tura ba.

Saura mai wuyar. Kin ce bai lura ba. Ni ina zaton ya lura, don mutumin da ke juya mota labule ya kare ki ba makaho ba ne. Ya bar ki kina ɗaukar masa kunyarsa, wannan laifinsa ne, kada ki wanke shi. Amma abin da likita ya ce bai san shi ba, ke kika ɓoye. Kin riga kin yanke cewa tamfol zai zaɓa, ba ki ba shi damar ya zaɓe ki ba.

Ki gaya masa a makon nan, a gida, ku biyu, kuma kada ki laɓe a bayan Silvina. In ya yi gardama ki tafi da shi asibitin ya ji da kunnensa. Kada ki fara da maganar maɓalli. Ki ce bayanki ya gama, kina son zuwa kudu tare da shi, ya nemo yadda rufin zai tashi. Sababbin sanduna ne, inji ne, ko ya kira Cacho ya sa masa kafaɗa, a bar masa zaɓin. Tunda Nélida ta sani, ki ɗauka mijinta ya sani, kuma bai fasa yi wa Norberto kirari ba. Mutanen da suka rufa masa asiri haka ba za su kore shi don maɓalli ba. Za su tsokane shi, sosai ma, shi ya koya musu, sai ya daure ya sha abinsa.

In ya yi fushi ya rufe motar, ki bar shi ya huce, amma kada ki janye. Gara ku rasa tafiyar Janairun nan da ki rasa ƙafa. Allah ya ba ki lafiya, ya sassauta zuciyar tsohon naki, ya kai ku kudu kina zaune a gefensa.

Elvira