Saɓar da Na Aiko Gida

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga Alƙahira, da Inna da su Hussaina. Yaya damina a Bagwai? Allah ya sa gero ya yi ido.

Ni lafiyata ƙalau, kada Inna ta damu. Aikin tatsar dafi ne dai ya tsaya, don ciwo ya shiga gidan macizan da nake aiki a ciki. Fatarsu takan yi ɓawo, fuska ta kumbura, su daina cin abinci. Likitan dabbobi ya ce funfuna ce, kamar makero a jikin mutum, kuma hannu ke ɗaukarta daga akwati zuwa akwati. Waɗanda suka jigata ni ake ba in ƙarasa, tunda ni ɗan gardi ne. Mun ƙone arba'in da uku.

Baba, kai ka koya mini ba a barin saɓar maciji a ƙasa, magani ce. Wata uku ina bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya ina tattara maka ita da hannuna. Mai gidan macizan har yanzu yana neman wanda ya yaɗa cutar, fasfona kuma yana hannunsa.

Ƙunshin da na ba Alhaji Zubair ya kawo maka, saɓar ce a ciki. Na san inda za ka rataye shi: ɗakin tsohuwar gamsheƙarka, wadda ta ciyar da mu tun muna yara. Don Allah kada ka kwance shi. Ka kai shi bayan gari ka cinna masa wuta. In kuwa ka riga ka kwance, ka duba fuskarta, ka faɗa mini gaskiya.

A sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Uwais